Kariyar hasken UV a baƙin tabarau na magani da ake saya ta intanet

Maman Ummi

Assalamu alaikum, jama'ar wannan zaure. Ina da tambaya da nake fatan masu sani za su taimaka mini a kanta kafin in kashe kuɗina. Shekara 15 ke nan ina sa tabarau na magani saboda ba na hango nesa, kuma a takardar gwajin da aka yi mini kwanan nan an rubuta -4.50 a idon dama, -4.00 a na hagu. Duk tsawon wannan lokaci ban taɓa mallakar baƙin tabarau ba, domin idan na cire nawa na sa na rana, komai sai ya koma mini dishi-dishi. Yanzu na yanke shawarar yin odar baƙin tabarau mai ɗauke da maganin idona ta intanet. Da na shiga shafin masu sayarwa sai na tarar da zaɓi hawa-hawa: irin gilashin, launinsa da yawan duhunsa, mai kashe ƙyalli ko marar shi, sannan can ƙasa ga wani ɗan akwati da aka rubuta kariyar UV, wanda idan na latsa shi kuɗin yake ƙaruwa. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, ashe akwai baƙin tabarau da ba ya kare ido daga rana? Ni na ɗauka duhun nan shi ne kariyar. Ina so in san ko akwatin nan wajibi ne, ko kuwa dabarar ƙara kuɗi ce kawai.

Baban Khalifa

Wa alaikumus salam, Maman Ummi. Ni direba ne mai doguwar tafiya, rabin rayuwata a gaban rana nake yin ta, saboda haka zan faɗa miki abin da na gani da idona. Ki zaɓi mafi duhun da suke da shi, ki haɗa da mai kashe ƙyalli, wanda suke kira folarais, shi ke nan kin gama. Tun da na fara sa irin wannan na daina ciwon kai da yamma, ƙyallin kwalta da na gilasan motocin da ke gabana kuma ya daina ɗaukar mini ido. A ganina akwatin nan hanya ce ta tatsar mai saye, domin gilashin da ya hana hasken rana shiga ai ya hana duk abin da ke cikin hasken.

Malam Mai Tabarau

Baban Khalifa, Allah ya tsare hanya. Sauƙin da ka ce ka samu gaskiya ne, amma ƙarshen maganarka akwai gyara, kuma gyaran shi ne amsar tambayar Maman Ummi. Sana'ata ke nan, yankan gilashi da haɗa shi a firam, don haka ina roƙon a yi haƙuri da tsawon bayanina.

Rinin da ake yi wa gilashi aikinsa rage hasken da ido ke gani. Hasken UV kuwa, wato ultrabayolet da ke zuwa tare da hasken rana, ido ba ya ganinsa, kuma abin da ke tare shi wani sinadari ne da kusan ba shi da launi, wanda ko dai an zuba shi cikin kayan da aka yi gilashin da su tun daga masana'anta, ko kuma a jiƙa gilashin a cikinsa daga baya. Shi ya sa ake samun gilashi fari tas da ke tare UV, a kuma samu baƙi ƙirin da ke barin wani kaso ya wuce. Wannan na biyun ya fi damuna, domin idan mutum ya sa duhu a gaban idonsa, ɗigon baƙin nan na tsakiyar ido, wanda shi ne ƙofar haske, yana ƙara buɗewa, mutum kuma ya daina ƙanƙance ido kamar yadda yake yi idan rana ta dame shi. Kariyar da jiki ke yi wa kansa ta ragu, ba a kuma maye gurbinta da komai ba.

Maman Ummi, ko akwatin wajibi ne ko a'a, ya danganta da irin gilashin da kika zaɓa a matakin farko. Galibin shafukan suna jera su da lambobi: 1.50, 1.59, 1.60, 1.67 da 1.74. Lambar tana nuna ƙarfin kayan wajen lanƙwasa haske, kuma yadda take hawa haka gilashin ke ƙara siranta. Mai 1.50 shi ne robar da ake kira CR-39, wadda aka fara yin gilashin tabarau da ita tun 1947. Gani a cikinta yana da kyau ƙwarai, tana kuma karɓar rini cikin sauƙi, shi ya sa aka fi yin baƙin tabarau na magani mai araha da ita. Sai dai ita kaɗai ba ta tare UV duka, sai an ƙara mata sinadarin. Mai 1.59 robar folikabonet ce, kuma ita da robar Trivex mai 1.53 suna zuwa da kariyarsu a jikinsu. Masu 1.60 zuwa sama su ma galibi an zuba musu sinadarin tun wajen ƙira. Gilashi na ainihi mai fashewa, wanda aka saba da shi a da, ya fi robar ma barin UV ya wuce idan ba a yi masa wani aiki na musamman ba. Saboda haka idan 1.50 kika zaɓa, kada ki tsallake akwatin nan. Idan kuwa folikabonet ne ko 1.60, ki tambaye su abin da akwatin zai ƙara miki a kan abin da gilashin ya zo da shi.

Malamar Kimiyya

Na gode wa Malam da wannan bayani, kuma ina so in ƙara lambobin da za su taimaka wa 'yar'uwata wajen karanta abin da masu sayarwa ke rubutawa. Kamar yadda muka saba ji a rediyo ana cewa gajeren zango da matsakaicin zango, haka shi ma haske yake da tsawon zango, sai dai nasa ƙanƙane ne ƙwarai, ana auna shi da nanomita, wato mita ɗaya a kasa ta gida biliyan ɗaya. Idonmu yana gani daga wajen 400 zuwa wajen 700. Abin da ke ƙasa da 400 shi ne ultrabayolet, wanda Bajamushe Johann Ritter ya gano a 1801, lokacin da ya lura cewa wani sinadarin azurfa ya fi saurin yin baƙi a gefen da ido ba ya ganin haske, bayan launin shuɗi mai jaja-jaja. An kasa shi uku. UVC, daga 100 zuwa 280, sararin samaniya da iskar ozon suna shanye shi kafin ya iso ƙasa. UVB, daga 280 zuwa 315, kaɗan ne ke isowa, amma shi ya fi ƙuna. UVA, daga 315 zuwa 400, shi ne kusan kashi 95 cikin 100 na ultrabayolet ɗin da ke sauka a kanmu. Robar CR-39 da Malam ya ambata tana tare UVB da farkon UVA, ta bar ɓangaren da ya kusanci 400 ya wuce.

Ga inda ake samun ruɗani. Idan an rubuta UV400, ma'anarsa gilashin yana tare haske har zuwa nanomita 400. Amma idan an rubuta kariya ɗari bisa ɗari kawai, ba lallai ne ma'anar ta zama ɗaya ba, domin ƙa'idojin tabarau na ƙasa da ƙasa da na Amurka suna tsayar da lissafin UV a 380, alhali ƙa'idar Ostireliya tana kai shi 400. Mai sayarwa zai iya cewa ɗari bisa ɗari bai yi ƙarya ba, yana nufin zuwa 380. Ni dai lambar nake nema a rubuce.

Baban Khalifa

Malam da Malama, na ji bayaninku, amma har yanzu akwai abin da bai kwanta mini ba. Shekaru da yawa ina sa nawa, ban taɓa tambayar kowa wata lamba ba, kuma idona lafiyarsa ƙalau, ba ja ba raɗaɗi. Idan da wani haske yana shiga yana cutar da ni, ai da na ji a jikina, kamar yadda mutum ke jin zafin rana a fatarsa. Ba gardama nake yi don gardama ba, so nake in gane.

Sista Mai Jinyar Ido

Yaya Baban Khalifa, tambayarka tana kan hanya, kuma ita ce tambayar da marasa lafiya suka fi yi mana a ɗakin duba ido. Zafin da kake ji a fata ba na UV ba ne, na wani ɓangaren hasken ne daban. UV ba a jinsa lokacin da yake aiki. Ko ƙunar da yake yi wa fatar gaban ido mai garai-garai idan ya yi yawa a lokaci ɗaya, irin wadda masu walda suka sani, ba ta bayyana nan take, sai bayan awa 6 zuwa 12, mutum ya farka cikin dare yana jin kamar an zuba masa yashi a ido, hawaye na zuba. Wannan tana warkewa cikin kwana ɗaya zuwa uku. Wadda ta fi damun mu ita ce ɓarnar da ke taruwa sannu a hankali cikin shekaru ba tare da wani ciwo ba.

Akwai tsokar da ke tsirowa a kan farin ido tana rarrafawa zuwa kan baƙin, wadda ta fi yawa ga masu aiki a rana, kuma idan ta kai tsakiya sai an yi aiki an cire ta, wani lokaci ma ta sake dawowa. Akwai yanar ido, musamman irin wadda ke farawa daga gefen madubin cikin ido. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cikin mutum miliyan 15 da yanar ido ta makantar a duniya, har kashi 10 cikin 100 na iya zama saboda UV. Tsufa ne babban dalilin yana, ba na so a fahimce ni a baibai, amma tsufa ba mu da iko a kansa, wannan kuwa muna da shi. Sannan akwai sankarar fatar ido, domin fatar nan siririya ce kuma ba a cika shafa mata wani abin kariya ba.

Ina kuma so in ja hankalin masu ganin cewa sai rana ta take ake bukatar tabarau. Har kashi 80 cikin 100 na UV yana iya ratsa gajimare marar kauri. Busasshen yashi yana mayar da wajen kashi 15, ƙanƙarar da ke rufe ƙasa a wurare masu sanyi tana mayar da har kashi 80, kuma duk hawan mita 1,000 a kan tsauni yana ƙara ƙarfinsa da kimanin kashi 10. Idan rana tana tsaka, goshi da gira suna yi wa ido inuwa, amma idan ta karkata da hantsi ko da la'asar sai ta riƙa shiga kai tsaye, kuma na san a irin wannan lokaci direba yana kan hanya. Yara, zabiya, da wanda aka yi wa aikin yana sun fi kowa bukatar a kula da wannan.

Malam Mai Tabarau

Sista ta gama magana a kan lafiya. Bari in koma kan folarais, domin ba na so Baban Khalifa ya ɗauka ina kushe shi. Hasken da ya bugi shimfiɗaɗɗen wuri kamar kwalta ko ruwa yana dawowa yana kaɗawa a kwance, shi kuma gilashin yana da wani siririn fallen tacewa a ciki da ke hana wannan na kwancen wucewa. Edwin Land na Amurka ne ya ƙirƙiro fallen, kuma a kansa ya kafa kamfanin Polaroid a 1937. Ga direba abu ne mai amfani sosai. Amma aikinsa a kan ƙyalli ne, kuma kasancewar yawancin gilasan folarais masu kyau suna tare UV ya samo asali ne daga kayan da aka yi su da su da sinadarin da aka ƙara musu. Haka zancen yake ga abin da ake shafa wa gilashi ya zama kamar madubi daga waje, haka kuma ga abin da ake tallatawa na tace shuɗin hasken waya da kwamfuta. Kowanne da aikinsa, kuma babu wanda za a karɓa a madadin tabbacin UV.

Shawararka ta a zaɓi mafi duhu ita ce nake roƙon ka janye, musamman da yake kai direba ne. An kasa duhun tabarau mataki biyar, daga 0 zuwa 4. Mataki na 2 yana barin kashi 18 zuwa 43 na haske ya wuce, na 3 yana barin kashi 8 zuwa 18, kuma shi ne aka fi amfani da shi a rana mai ƙarfi. Na 4 yana barin kashi 3 zuwa 8 kacal, an yi shi ne don hawan tsauni da makamantansu, kuma ƙa'ida ta ce bai dace da tuƙi ba, domin da zarar ka shiga inuwa ko ƙarƙashin gada ba za ka ga abin da ke gabanka da wuri ba. Ka duba jikin hannun firam ɗinka, sau da yawa ana buga lambar a wurin.

Ɗan Auta

Iyayena da yayyena, ina bin wannan muhawara ina ƙaruwa. Ina da tambaya biyu. Na ga ana gwada tabarau a gida da tocilar UV da takardar kuɗi, shin wannan gwajin abin dogaro ne? Sannan me zai hana Anti Maman Ummi ta sayi gilashi mai rikiɗa, wanda yake fari a ɗaki ya yi duhu a rana, ta huta da ɗaukar tabarau biyu?

Malamar Kimiyya

Ƙanena, gwajin yana da tushe, amma yana da iyaka. Takardun kuɗi da yawa suna da alamomin tsaro da ke ƙyalli idan UV ya sauka a kansu, saboda haka idan ka sa gilashin tsakanin tocilar da takardar a ɗaki mai duhu, ka ga alamar tana ƙyalli kamar da, to babu shakka gilashin ya faɗi. Idan kuwa ƙyallin ya ɓace, abin da ka tabbatar shi ne gilashin yana tare zangon wannan tocilar kaɗai. Tocilolin da ake sayarwa galibi iri biyu ne, mai 365 da mai 395. Gilashin da ya tare 365 yana iya barin 385 ya wuce, ba za ka sani ba. Mai 395 kuma tana fitar da haske da ido ke gani tare da UV ɗin, sai ta rikita maka sakamako. Gwajin zai kama maka gilashi marar kyau ƙwarai, amma ba zai ba ka shaidar UV400 ba. Kada kuma ka haska tocilar a idonka ko na wani, ko da da tabarau a fuska.

Malam Mai Tabarau

Game da mai rikiɗa, galibinsu suna tare UV ko suna fari ko sun yi duhu, don haka ta fuskar kariya ba su da laifi. Matsalarsu biyu ce. UV ɗin ne ke sa su yin duhu, gilashin gaban mota kuwa falle biyu ne da roba a tsakani, kuma robar tana shanye kusan duk UV, saboda haka yawancinsu ba sa yin duhu sosai a cikin mota. Na biyu, zafi yana rage musu duhu, sun fi yin baƙi a ranar sanyi fiye da ranar da ake tsananin zafi. Baban Khalifa, ka kuma lura cewa gilasan gefen mota yawanci ba irin na gaba ba ne, suna barin UVA mai yawa ya shigo ta gefen fuska.

Ina da ɗan saɓani da Malama a kan batun 380 da 400. Folikabonet yana yankewa ne a wajen 380 zuwa 385, kuma shekaru muna ba mutane shi a matsayin gilashi mai kariya, ƙa'idoji sun amince da hakan. Illar UV ga ido tana raguwa ƙwarai yayin da zango ke ƙara tsawo. Ba na so wanda yake da folikabonet a fuskarsa ya karanta wannan ya tsorata ya ɗauka ba shi da komai.

Malamar Kimiyya

Malam, na yarda da kai cewa mai folikabonet ba shi da dalilin tsorata, kuma gaskiya ne illar kowane ɗigon haske a 390 ba ta kai ta 310 ba ko kusa. Abin da ya sa nake dagewa shi ne, ƙarfin hasken rana yana ƙaruwa yayin da ake matsowa ga abin da ido ke gani, saboda haka ɗan tsakanin nan na nanomita 20 yana ɗauke da haske mai yawa idan aka kwatanta da faɗinsa. Wanda ya riga ya saya, ya ci gaba da amfani da abinsa. Amma wadda ba ta saya ba tukuna, kuma za ta sa shi shekaru a rana da ƙofar ido a buɗe saboda duhu, ban ga dalilin da zai sa ta karɓi 380 ba alhali 400 yana samuwa.

Maman Ummi

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Na aika wa masu shafin tambaya, sai suka amsa mini da cewa duk tabaransu na rana suna da cikakkiyar kariya, suka kuma nuna mini hoton firam ɗin da na zaɓa, wanda ke da ɗan tambari a kan gilashinsa an rubuta UV400. Da farko hankalina ya kwanta, amma sai na tuna cewa idan haka ne, me ya sa suke sayar da akwatin nan daban? Malam, yaya kake ganin wannan amsa?

Malam Mai Tabarau

Maman Ummi, kin yi daidai da kika dakata, domin wannan shi ne wurin da masu sayen tabarau na magani suka fi zamewa. Gilashin da kike gani a hoton, mai tambarin UV400, gilashin da firam ɗin ya zo da shi ne daga masana'anta, ba shi da magani. Idan kika yi oda da takardar gwajinki, za a cire shi a ajiye, a ɗauko wani gilashi daban mai -4.50 da -4.00, a rina shi, a yanka shi, a sa a firam. Tambarin ya tafi tare da gilashin da aka cire. Ko a ƙa'ida ma an raba su: ƙa'idar ƙasa da ƙasa mai lamba ISO 12312-1 ta shafi baƙin tabarau marar magani ne, gilashin magani kuwa ana auna hasken da yake bari ya wuce a ƙarƙashin ISO 8980-3. A Amurka ma haka, Z80.3 na marar magani ne, Z80.1 na mai magani. Saboda haka duk wata alama da ke jikin firam ko hotonsa ba ta ce komai ba a kan gilashin da zai zauna a gaban idonki.

Ki sake rubuta musu, ki yi tambayoyin da ba za a amsa su da kalmomin talla ba. Ki ce: gilashin magani da za ku yanka mini, da wane irin kaya aka yi shi, kuma lambarsa nawa? Har zuwa nanomita nawa yake tare UV, 380 ko 400? Kariyar a jikin kayan take, ko ƙarawa ake yi, kuma idan ƙarawa ake yi, tana cikin odata? Duhun mataki na nawa ne? Sai ta ƙarshe, wadda mutane ke mantawa: idan na kai shi aka auna aka ga bai kai abin da kuka faɗa ba, za ku karɓa ku sake? Wannan tana da muhimmanci, domin gilashin magani don mutum ɗaya ake yanka shi, kuma shafuka da yawa suna da sharaɗi daban a kan mayar da shi. Ki adana amsarsu a rubuce.

Sista Mai Jinyar Ido

Kafin ki kammala odar, 'yar'uwa, ki sake duban firam ɗin kansa. Gilashi mai kyau a ƙaramin firam da ke zaune nesa da fuska yana barin haske ya shigo ta sama da ta gefe. Likitan ido Minas Coroneo na Ostireliya ya yi bayanin yadda hasken da ya shigo ta gefen kunne yake lanƙwasa a fatar gaban ido ya taru a gefen hanci, kuma a wannan gefen ne tsokar da na ambata ta fi tsirowa. Hasken da ya zo ta baya kuma yana iya bugun cikin gilashin ya dawo cikin ido. Ki nemi firam mai faɗin gilashi da kaurin hannu, wanda ke zama kusa da gira, ki kuma haɗa da hula mai baki idan za ki daɗe a waje.

Malam Mai Tabarau

Maganar Sista gaskiya ce, sai dai da maganin idonki akwai iyaka. Firam mai lanƙwasa sosai da ke zagaye fuska yana sa gani ya karkace a gefe idan magani ya kai ƙarfin naki, sai in an yi lissafi na musamman wajen yanka, kuma wannan yana bukatar awo a kan fuskarki, abin da ke da wuya ta intanet. Gilashin masu rashin hango nesa kuma yana da kauri a gefe, yadda firam ya ƙara faɗi haka kaurin ke ƙaruwa. Ni zan ba ki shawarar matsakaicin firam mai ɗan lanƙwasa kaɗan da faffaɗan hannu, da gilashi mai 1.60. Idan suna da abin hana mayar da haske da ake shafa wa cikin gilashi, ki tambaya ko irin wanda ke rage mayar da UV ne, domin wasu suna rage hasken da ido ke gani ne kawai. Ki kuma tabbatar tazarar da ke tsakanin idanunki ƙwararre ne ya auna ta, domin tabarau da ke sa ciwon kai a aljihu yake ƙarewa, ido kuma ya koma rana ba kariya.

Maman Ummi

Sun amsa, kuma wannan karon dalla-dalla. Sun ce gilashin da ke cikin farashin farko mai 1.50 ne, kuma sai an latsa akwatin ake ƙara masa kariyar. Mai 1.60 kuwa sun rubuta cewa yana tare UV har 400 ba tare da akwatin ba, duhun da na zaɓa mataki na 3 ne, kuma za su sake mini idan awo ya nuna saɓanin haka. Na zaɓi 1.60 mai folarais, na canza firam zuwa mai faɗin hannu. Da ban tambaya ba, da 1.50 zan ɗauka in tsallake akwatin, ina ganin tambarin hoton ya wadatar.

Baban Khalifa

Ni ma na kai nawa guda biyu wurin masu haɗa tabarau an sa su a na'urar awo. Mai folarais ɗin da nake tuƙi da shi ya tare UV yadda ake so, alhamdu lillahi. Ɗayan kuwa, wanda ya fi duhu, wanda nake ba ɗana idan ya raka ni tafiya, na'urar ta nuna yana barin wani kaso ya wuce, kuma a hannunsa na ga lamba 4 kamar yadda Malam ya ce in duba. Na ajiye shi. Maman Ummi, na janye shawarata ta farko, ki yi haƙuri.

Malam Mai Tabarau

Madalla, Baban Khalifa, Allah ya raya yaron, a nema masa nasa mai tabbacin UV400 daidai fuskarsa, domin madubin idon yaro ya fi na babba barin UV ya kai can ciki. Maman Ummi, idan naki ya iso, kada ki jefar da kwalinsa ko takardun da ke ciki. Ki tafi da shi wurin masu haɗa tabarau tare da takardar gwajinki da saƙon da suka aiko miki, ki roƙi a auna miki abu uku: ƙarfin maganin kowane gilashi, inda tsakiyarsa ta faɗa a kan idonki, da UV. Ki ce a auna na dama da na hagu kowanne daban, domin maganinsu ba ɗaya ba ne, kuma ba lallai ne a ce daga kwali ɗaya aka ɗauko su ba. Ki kuma tambayi mai awon har zuwa nanomita nawa na'urarsa take karantawa, ya rubuta miki sakamakon a takarda, ki yi duk wannan kafin wa'adin mayarwa ya cika.